Abin da Hular Kwano Ta Ɓoye

Akwai abubuwan da shekaru ke goge wa mutum daga rai, akwai kuma waɗanda ko tsufa bai isa ya taɓa su ba. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da makon da ƙungiyar ƙwallon jami'armu ta sha kashi a gaban tsofaffin ɗalibanta ba, garin Greensboro duk ya ɗauki surutu, kowa na neman inda matsalar take, alhali tana zaune a ajina ban sani ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ne na je Amurka neman digiri na biyu a fannin lissafi. Jami'ar da ta ɗauke ni ta baƙar fata ce, tana East Greensboro, unguwar da ko ina ka waiwaya coci ne, da ƙananan kantuna, da gidajen katako masu baranda. An ba ni aji guda ina koyar da ɗaliban digirin farko, da haka nake biyan karatuna. Ina haya a gidan wata dattijuwa wadda mijinta ya rasu, duk layin Mama ake ce mata, ni ma na bi sahu. Ba ta san inda ƙasarmu take a taswira ba, amma tun ranar da na ce mata ba na cin alade ta ware mini tukunya tawa daban, ba ta taɓa haɗa ta da sauran ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin shi ne wasan da suke kira ƙwallon ƙafa. Ni na san ƙwallon ƙafa tun ina yaro, da ƙafa ake buga ta. Tasu kuwa da hannu ake yi, ƙwallon ma doguwa ce kamar gwanda, 'yan wasan kuma ƙatti ne, sun sha hular kwano da matasai a kafaɗa, su yi layi su sunkuya, sai ka ji sun haɗu kamar raguna. A cikinsu akwai mutum guda da ake miƙa wa ƙwallon, shi ke faɗin dabarar da za a bi, shi ke jefawa ga wanda ya ruga gaba. Ni dai madugu nake ce masa, don shi ke jan ayarin. In ya yi kyau ƙungiya ta yi kyau, in ya rikice kowa ya rikice.

Madugun wannan shekarar ɗalibina ne. Dogon saurayi ne ɗan wani ƙauye na manoman taba a gabashin jihar, mahaifiyarsa tana aiki a masaƙa, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, kuma ƙwallon ce ta kawo shi, don ita ta sama masa gurbin karatu kyauta. A gaba yake zama, kusa da taga, kuma kansa na ja ƙwarai. Sau da yawa kafin in gama rubuta tambaya a allo ya riga ya ɗaga hannu. Farfesa yake ce mini, duk da na sha gaya masa ni ma ɗalibi ne. In an tashi aji yakan tsaya ya ɗauki alli ya yi ta zana mini da'irori da kibiyoyi, wai sai na fahimci wasan. Ban taɓa fahimta sosai ba, amma ina jin daɗin yadda yake bayani, idonsa na ƙyalli.

Ranar da abin ya faru Asabar ce ta bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, lokacin da ganyen itatuwa ya yi ja da ruwan ɗorawa yana zuba. Wanda bai ga wannan biki ba ba zai gane nauyinsa a zukatan mutanen unguwar ba. Tun safe tituna sun cika, motoci daga jihohi masu nisa, hayaƙin gashin nama da suyar kifi ya turnuƙe ko ina, 'yan badujala na dukan ganguna har cikin ƙirjinka kake jin su. Mama ta saka hularta mai faɗi wadda sai ranar coci take fito da ita, ta riƙe hannuna muka tafi fili. Ƙungiyar da za mu kara da ita kuwa tsohuwar abokiyar hamayya ce, irin wadda gara ka sha kashi a hannun kowa da a hannunta.

Tun da aka fara wasa na ga mutanen da ke kusa da ni sun soma tsaki. Ɗalibina ya jefa ƙwallo, ta tafi kai tsaye hannun ɗan wancan ɓangaren, kamar shi ya nufa. Aka ce tsautsayi ne. Can an jima ya sake. Wani karon aka miƙa masa ƙwallon ya juya hagu zai ba abokinsa, abokin kuwa yana dama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ya tsaya cik da ƙwallo a hannu, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi, har ƙatti biyu suka zo suka danne shi. Filin nan duk ya ɗauki ihu. Waɗanda suka yi ta kiran lambarsa da safe su ne suka koma yi masa eho. Aka tashi an yi mana cin kaca. Da muka iso gida Mama ta cire hular ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Ko ranar jana'izar mijina ban ga unguwar nan ta yi shiru haka ba."

Shirun bai daɗe ba. Kafin Litinin kowa a garin ya zama likitan ƙwallo. Na je aski a shagon da ke kwanar layinmu, na tarar da shi cike, rabin mutanen ma ba aski ya kawo su ba. Mai askin, wani gajeren dattijo mai sanƙo, yana riƙe da almakashi yana nuna bango da shi kamar mai wa'azi.

"Kocin nan ya tsufa," in ji shi. "Dabarun da yake koya musu tun ina saurayi ake yin su. Har jikata ta san inda ƙwallon za ta bi."

Wani direban bas ya ce ba laifin koci ba ne, masu tare wa madugu gaba ne ba su da ƙwari, ko labule ya fi su tsare ƙofa. Wani malamin makaranta mai ritaya ya ce duk sun bar jaki suna dukan taiki: tun da manyan jami'o'in Turawa suka buɗe ƙofa ga baƙar fata, suka riƙa kwashe zaratan yaran, mu sai abin da ya rage muke samu. Akwai gaskiya a wannan magana. Amma wani matashi da ke jingine a bakin ƙofa ya katse shi.

"Ku daina kewaye-kewaye. Yaron nan ne suna ya hau masa kai. Jarida ta buga hotonsa, 'yan mata na binsa, shi ke nan ya ɗauka ya gama."

Nan kowa ya yi caa, aka yarda da wannan. Mai askin ya juyo da kujerata ya ce, "Kai ɗan Afirka, ba a ajinka yake ba? Me ka gani?" Na ce ni ban san wasan ba. Aka yi dariya aka wuce ni. Ko a gida Mama tana da nata bayanin, wai yaran ba sa cin abincin kirki kuma sun bar zuwa coci. Ta bakin wata maƙwabciya kuma muka ji cewa manyan tsofaffin ɗalibai sun fara zama a kan a sallami kocin.

Yanzu da na tsufa nakan tuna shagon nan in yi murmushi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya. Kocin ya tsufa, masu tarewar ba su da ƙwari, zaratan yara sun tafi wasu wurare. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya ga saurayin nan ba tare da hular kwano a kansa ba.

Ranar Talata ya shigo aji a makare, abin da bai saba ba. Bai zauna kujerarsa ta kusa da taga ba, ya wuce can baya inda haske bai kai ba, ya ja hularsa ta rufe ido. Wasu a ajin na satar kallonsa. Na ce a raina bari in kira shi allo ya warware wata tambaya mai sauƙi, ko ya sami abin da zai ɗaga kai da shi a gaban 'yan uwansa. Ya taso ya karɓi alli da hannun dama, hannun da yake jifa da shi. Ya fara rubutu, allin ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗan dafa bango kafin ya miƙe. Ya sake sa shi a allo, ya sake faɗuwa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Farfesa, yau ko alli ba na iya riƙewa, balle ƙwallo." Wasu suka yi dariya. Da ya juya zai koma, na bi ƙafafunsa da kallo, sai na ga ta dama tana ɗan jan ƙasa.

Na san wannan tafiyar, na taɓa ganinta a gidanmu.

Na sallami ajin da wuri na ce ya tsaya. Da farko ya yi ta kaucewa, wai gajiya ce, wai bai yi barci ba. Na ja kujera na zauna gabansa na tambaye shi ko kansa na ciwo. Ya kawar da kai. Na ce, da safe kana amai? Ya ɗago ya dube ni kamar na shiga cikinsa na gani. Daga nan ya saki. Ya ce makonni da suka wuce, a wani wasa da suka je waje, wani ya haɗa masa kai da ƙasa, ya ji ƙara a kansa kamar an buga ƙararrawar coci. Aka shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci, aka tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, ya koma fili, har ma suka ci wasan. Tun daga ranar ciwon kai bai bar shi ba, kullum ƙaruwa yake. Ranar Asabar ɗin nan kuwa, in ya ɗaga ido zai yi jifa mutum biyu yake gani a inda mutum ɗaya yake, sai ya zaɓi guda ya jefa.

Na ce, "Ka gaya wa koci?"

Ya kama hannuna da hannunsa na hagu, ya riƙe gam. "Farfesa, don Allah. In suka ji za su ajiye ni, in suka ajiye ni karatun ya tafi. Uwata tana tsaye a gaban inji tun asuba don in zama wani abu. Wasa kaɗan ya rage a shekarar nan. Ka bar ni in ƙarasa, in an yi hutu zan huta. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba."

Ban yi alkawarin ba, ban kuma ce zan faɗa ba. Na ce ya je ya kwanta, kada ya fita atisaye ranar. Ya tafi yana jan ƙafa, ni kuma na zauna a ajin ni kaɗai.

A lokacin mu Hausawa a garin ba mu da yawa, a falo ɗaya muke haɗuwa sallar Juma'a. Babbanmu wani mutumin Katsina ne da ke koyarwa a sashen noma, Malam muke ce masa. Ofishinsa na nufa da la'asar. Na same shi yana shan shayi, na zayyana masa komai ban faɗi suna ba, ko da yake duk wanda ke garin ya san wa nake nufi. Na ce, "Malam, ni baƙo ne a ƙasar nan. Ba likita ba ne ni, wasan ma ban san shi ba. In na je na faɗa aka duba ba komai, na kashe wa yaro karatu a banza. In na yi shiru kuma..."

Malam ya ajiye kofin. Ya ce, "Amana ya ba ka, gaskiya ne. Amma amanar da za ta kai mai ita kabari ba a riƙe ta. Sai dai kada ka zagaya ta bayansa, in ka yi haka ka raba shi da yarda da mutane har abada. Koma wurinsa. Kai me ya sa ka gane ciwon, alhali masu kula da su ba su gane ba?"

Na gaya masa dalili. Sai ya ce, "To wannan za ka gaya masa. Yadda ka gaya mini, haka za ka gaya masa."

Washegari da hantsi na same shi zaune a kan benci a bayan ɗakin cin abinci, jakar kayan wasansa a gefe, alamar atisaye zai tafi. Na zauna kusa da shi na ce ina da labarin da zan ba shi, in na gama ya yi abin da ya ga dama.

Na ce masa mu gidan mahauta ne, kuma a ƙasarmu mahauta ne ke dambe. Bayan an yi girbi akan share fili, a naɗe wa mutum hannu ɗaya da zare har ya yi tauri kamar dutse, makaɗa na zuga shi, ya shiga ya kara da wani. Yayana da nake bi shi ne gwanin garinmu. Wata shekara wani baƙo ya same shi a gefen kai, ya durƙusa, ya miƙe yana dariya, ya kuma kayar da baƙon. Aka ɗauke shi a kafaɗa har gida. Bayan 'yan makonni ya fara ciwon kai. Wuƙa ta riƙa suɓuce masa a wurin fawa. Ya fara jan ƙafa. Mutanen gari kowa da abin da ya ce, wasu suka ce sammu ne na abokan hamayya, wasu suka ce girman kai ne ya sa ya daina gaida mutane, alhali ganinsu ne ba ya yi sosai. Shi kuma ya ƙi yarda a kai shi asibiti, wai kada a ce gwani ya raunana. Ranar da ya kasa tashi muka sa shi a bayan motar kaya, ni ke riƙe da kansa a cinyata. Ba mu kai asibitin ba.

Na ce, "Mahaifiyarmu tana gida tana jira. Ni na shiga na gaya mata. Ina ɗan makarantar sakandare a lokacin. Ka ce in rufa maka asiri saboda mahaifiyarka. To ni na taɓa kai wa uwa irin wannan labarin sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba."

Ya sunkuyar da kai. Ɗalibai na ta wucewa, wasu na nuna shi da baki. Can ya share fuska da bayan hannu ya ce, "In na faɗa, na gama ƙwallo ke nan."

Na ce, "Wataƙila. Amma kai ba ka gama ba."

Ya ce, "Za ka raka ni?"

Ɗakin kocin yana ƙarƙashin filin wasa. Muka tarar ya ja labule da rana tsaka, majigi na ta ƙara, hoton wasan Asabar na yawo a jikin bango. Babban mutum ne mai furfura, idanunsa sun yi ja, da gani tun da aka tashi wasan yake kallon abin nan yana maimaitawa. Da ya ga ɗalibin nawa ya ce, "Ka makara." Da ya gan ni kuma ya ce, "Wane ne wannan?" Saurayin ya ce malamin lissafinsa ne. Kocin ya ce in dai maganar jarrabawa ce mu dawo wani makon, yanzu wuta ce a kansa.

Saurayin ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hasken majigi na dukan rigarsa, ya faɗi komai da bakinsa. Ni ban sa baki ba sai da aka zo kan alli da jan ƙafa. Ina jiran faɗa, don na ji an ce mutumin yana da zafi. Amma bai yi faɗan ba. Ya tashi ya je kan kanta ya ɗauko wani faifan, na wancan wasan da suka yi a waje, ya ɗora. Muka ga lokacin da aka haɗa kan yaron da ƙasa. Muka ga ya tashi, ya nufi wajen abokan hamayya, sai da wani ya kamo rigarsa ya juyo da shi. Kocin ya mayar baya ya sake kallo. Ya kashe majigin, ya yaye labule.

"Na kalli wannan wurin ban san iyaka ba," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ina duba inda ya sa ƙafa, ina duba yadda ya saki ƙwallo. Tun Asabar nake neman abin da ya lalace a wasansa." Ya juya ga saurayin. "Ɗana, me ya hana ka gaya mini?"

"Tsoro nake ji ku kore ni."

Kocin ya ɗauki makullin motarsa daga kan tebur. Ya ce, "Ni ma korar tawa ake shirin yi. Taso mu je, a kore mu tare."

Shi ya tuƙa mu da kansa, ta titin Wendover Avenue, saurayin a baya ya jingina kai da gilashi, ni ina ta jan sa da hira don kada ya yi barci. A asibiti aka shiga da shi wata na'urar ɗaukar hoton cikin kai, sabuwa ce a lokacin. Ba a jima ba likita ya fito da sauri, ya ce jini ne ya daɗe yana taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa, yau ɗin nan za a yi masa tiyata. Kocin ya tambaya, da ya buga wasan Asabar mai zuwa fa? Likitan ya dube shi kawai, ya girgiza kai. Na ga babban mutumin nan ya nemi kujera ya zauna, ya rufe fuska da tafukansa.

Mahaifiyar ta iso da yamma, wani maƙwabcinsu ya kawo ta, ko kayan aiki ba ta cire ba, da burbushin auduga a gashinta. A lokacin an fito da shi, an ce aikin ya yi kyau. Da aka nuna mata ni, sai ta kama hannuna da hannayenta biyu masu kaushi ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Mama kuwa da na koma gida na ba ta labari, sai ta shiga kicin ta hau dafa miyar kaza, ta ce gobe da safe ni zan kai asibiti, kuma kada in kuskura in zubar a hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan ƙungiyar ta miƙe. Asabar ɗin da ta biyo an sake cinye mu, wanda ya maye gurbinsa ɗan shekarar farko ne, bai goge ba. Masu tarewar nan dai ba su ƙara ƙwari ba. Amma wani abu ya sauya a unguwar. Da na koma aski, shagon na cike kamar kullum, sai dai matashin nan mai maganar 'yan mata yana zaune a lungu kansa a ƙasa. Mai askin ya ɗaura mini ƙyalle ya ce, "Mun yi wa yaron nan eho yana ɗauke da jini a ka." Ya hau wasa reza. Can ya ƙara da cewa, "Amma fa kocin nan har yanzu dabarunsa tsofaffi ne." Shagon ya fashe da dariya, har da ni.

Kocin ya je gaban hukumar makaranta ya tsaya kai da fata a kan kada a taɓa karatun yaron, ya ce in ana neman wanda za a hukunta ga shi nan. Ba a kore shi ba, ba a kuma taɓa karatun ba. Daga wannan shekarar ya kafa doka, duk wanda aka buga wa kai ya fita daga fili ke nan sai likita ya gan shi, ko da shi ne gwanin gwanaye. Wasu sun yi ta gunaguni wai yana lalata yara da tausayi. Bai kula su ba.

Wasan ƙarshe na shekarar an yi shi cikin sanyi mai shiga ƙashi, mutane ba su cika fili ba. Ina zaune da Mama sai na ji tafi ya tashi daga ƙasa yana hawowa. Na leƙa, sai ga ɗalibina ya fito a gefen fili, ya rame, da hular ulu a kansa, yana tafiya a hankali amma ƙafafunsa biyu daidai. Mutane suka miƙe tsaye. Duk wasan yana kusa da sabon madugun, in yaron ya fito sai ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana a kunne. Da ƙyar da jiɓin goshi muka ci wasan nan, da ɗan bambanci kaɗan, amma yadda aka yi murna sai ka ce kofi aka ɗauko.

Bai sake buga ƙwallo ba. Ya ci gaba da taimaka wa kocin har ya gama digirinsa, ni kuma na gama nawa na dawo gida. Labarinsa na ƙarshe da na samu ta wajen Malam shi ne yana koyarwa a wata sakandare kusa da ƙauyensu, ya yi aure, mahaifiyarsa ta bar masaƙa tana renon jikoki.

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa bayan wannan, na ga ɗalibai masu ƙwazo sun faɗi warwas ba dalili, na ga ma'aikatan kirki sun lalace a rana ɗaya, na kuma zauna a tarurrukan da ake neman wanda za a ɗora wa laifi. Duk lokacin da abu ya ɓaci, bakin mutane yakan yi saurin tambayar wa ya jawo. Abin da makon nan ya koya mini shi ne akwai tambayar da ta riga wannan. Kafin in buɗe baki in yi wa wanda ya gaza faɗa, nakan rufe ƙofa, in ja kujera kusa da shi, in ce, "Lafiyarka kuwa?" Sau da yawa amsar takan zo da hawaye, kuma daga nan gyara ke farawa.